Yadda Ma'aikacin Agajin Gaggawa Zai Gina Juriya: Jagora Mataki-Mataki

Tun bayan gobarar tankar mai ta garin Majiya a jihar Jigawa cikin Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150, da wadda ta biyo baya a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025, tambaya guda ake ta maimaita mini. Masu yin ta nas-nas ne, da likitocin sashen gaggawa, da direbobin motar asibiti, da jami'an kiyaye haɗurra, da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da na Red Cross, waɗanda sau da yawa su ne ke riga kowa isa wurin. Tambayar ita ce: ta yaya mutum zai shekara da shekaru yana kwasar waɗanda suka ƙone da waɗanda mota ta niƙe, bai zautu ba, kuma zuciyarsa ba ta bushe ba?

Akwai waɗanda Allah ya yi su da dakakkiyar zuciya, ban musa ba. Amma galibin juriyar da kuke gani a wurin tsofaffin ma'aikata tsari ne suka bi, da saninsu ko ba da saninsu ba, kuma tsarin yana da jeri. Jiki ne farko, sai abokin aiki, sai abin da ake yi bayan mummunan lamari, sai ganin ƙwararre daga ƙarshe. Inda aka fi tafka kuskure shi ne a tsallake na farkon duka, a kira bitar kwana biyu a otal, a raba jaka da biro, ranar Litinin a koma kan rostar da ke hana mutane barci.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar ɗaki ko lungu mai ƙofar da ke rufuwa, da katifa biyu ko tabarmi, da fanka mai caji. Sai fulas na ruwan zafi, ruwan sha, ganyen shayi, sukari, da abin taɓawa wanda ba ya saurin lalacewa, kamar dabino, gyaɗa ko biskit. Sai littafin rubutu ɗaya mai kaurin bango, da ɗan katin waya. Takardu biyu kuma kyauta ake samun su a intanet: littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 kan taimakon farko ga wanda ya shiga firgici, da takardar tambayoyi tara ta auna alamomin ciwon damuwa, wadda ake kira PHQ-9. Kuɗin bugawa kawai za ku biya.

Katifa da fanka sau ɗaya ake saye, kuma ya kamata hukumar wurin aiki ta ɗauki nauyinsu. Kayan shayi kuwa kada ku zauna jiran kowa, ku buɗe asusu. Mutum 20 in kowa ya sa naira 1,000 a wata, an tara 20,000, a danƙa wa mutum ɗaya mai amana. Abin da ya fi komai tsada a wannan tsari ba a kasuwa ake sayensa ba: awannin da shugaban sashe zai yarda ya cire daga rosta ne.

1. Ku fara da barci da ciki

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye a kowace rana. Binciken da aka yi a Ostiraliya ya nuna wanda ya kai awa 17 idonsa biyu, saurin hannunsa da kaifin hankalinsa kan ragu daidai da na wanda ya ɗan sha barasa. To wannan mutumin muke ba sitiyari da tsakar dare, ko mu ce ya lissafa ma'aunin allurar jariri.

Kafin dutin dare na farko, ku kwanta bayan azahar, ko da na awa ɗaya da rabi ne. A cikin dare in fili ya samu, a rintsa bi da bi, minti 20 kowa, a saita ƙararrawar waya. Kada ya wuce rabin awa, don wanda aka tasa daga barci mai nauyi yakan jima cikin magagi. Shayi, kofi, goro da lemon ƙara kuzari, a farkon duti ake shan su. Ku tsayar da su kamar awa 6 kafin lokacin kwanciya, saboda bayan wajen awa 5 rabin sinadarin da ke hana barcin yana nan a jini.

Matsalar ita ce gidan Bahaushe da hantsi ba wurin barci ba ne. Ga almajiri yana sallama, ga mai ruwa, ga yara, ga maƙwabci ya zo a tafi ɗaurin aure. Sai kun zaunar da mutanen gida kun gaya musu ƙarara cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza ba a tashin ku sai dai in rai ne. Ku sa labule mai duhu, ku kashe waya. Nas mai aure da ta kwana a tsaye ta dawo ta tarar girki na jiranta, ita ce ta fi kowa shan wuya a nan, kuma maganar da za a yi da maigida ke nan tun kafin rosta ta fito, ba ranar da aka gaji aka fara faɗa ba.

Ku ci abinci sosai kafin ku karɓi aiki, ku riƙe ruwa a kusa. Da yawa suna ƙin shan ruwa saboda banɗakin wurin aiki ba ya shiguwa, sai ciwon kai da saurin fushi su biyo baya. Da azumi, ku yi musaya da abokan aiki Kiristoci a lokacin buɗa-baki da sahur, ku rama musu da Kirsimeti da Ista.

*Gargaɗi:* makullin kabad ɗin magani a aljihunku yake, kuma nan haɗarin yake. Tiramadol don a iya tsayuwa, diyazefam don a samu barci, allurar fentazosin don ciwon baya, duk da "yau kawai" ake fara su. Kada ku rubuta wa kanku irin waɗannan, kada ku roƙi abokin aiki ya rubuta muku a tsaitsaye.

2. Kowa ya samu abokin lura

A haɗa ma'aikata biyu-biyu, kowa yana sa ido a kan ɗan'uwansa. A bar mutane su zaɓa da kansu. Kada a haɗa shugaba da na ƙasa da shi, don babu mai buɗe cikinsa ga wanda zai cike masa takardar ƙarin girma. Mace da mace, namiji da namiji ya fi sauƙi a yawancin wuraren aikinmu.

A sa kowa a ciki: direba, mai tura gado, mai shara, ma'aikacin mutuware, mai gadin ƙofa. Su ake mantawa da su, alhali sukan ga abin da likita bai gani ba. Likita ya duba ya wuce gado na gaba, amma mai shara ce za ta tattara takalmin yaron da ya rasu daga ƙarƙashin gado.

A zaman farko kowa ya gaya wa abokinsa alamarsa. Wani in abin ya yi masa yawa shiru yake yi, wani zafin baki, wani ya dinga barkwancin da ba shi da kan gado, wata ta daina cin abinci. Sai a ce, "In ka ga na fara haka, ka ja ni gefe." Daga nan, tambaya uku a ƙarshen kowane duti sun isa: Ka ci abinci? Jiya ka samu barci? Akwai wanda ya tsaya maka a rai yau?

*Gargaɗi:* gulma ɗaya ta isa ta rusa tsarin gaba ɗaya. Abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Togiya ɗaya ce, kuma a faɗe ta tun ranar farko: in ran mutum ko na maras lafiya yana cikin haɗari, za a nemi taimako, da saninsa.

3. Minti biyar kafin a fara aiki

Da an gama karɓar aiki daga masu tashi, shugaban duti ya tara kowa a tsaye. Ya faɗi wa ke kan me. Ya faɗi abin da ake da shi da wanda babu: tukunyar oksijin nawa ce cike, akwai jini ko babu, safar hannu za ta kai safe, akwai mai a mota da janareta. Ya ware mutum ɗaya da zai dinga magana da 'yan'uwan marasa lafiya, da wanda zai kira masu tsaro in rigima ta tashi.

Dalilin wannan shi ne, ganin jini ba shi ya fi cin ran ma'aikaci ba. Abin da ya fi ci shi ne ka san abin da ya kamata a yi, ka miƙa hannu ka tarar babu kayan. Wanda ya san tun ƙarfe 9 na dare cewa oksijin ba zai kai ba, zai nemi dabara, kuma in abin ya faru ba zai ɗora wa kansa laifin duka ba.

Tsoron ɗaukar cuta ma nauyi ne da ake yawo da shi a ɓoye, musamman tun da zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kano a farkon 2020. Ku rage shi da abin da ke hannunku. Ku kammala rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Ku san inda ake ajiye maganin kariya daga HIV da wanda ke riƙe da makullin da dare. In allura ta soke ku, ana fara shi da wuri-wuri, kada ya wuce awa 72, a sha kwana 28.

4. Idan jiki ya fara rawa a tsakiyar aiki

Ku dafa ƙafa biyu a ƙasa sosai. Ku ja numfashi ta hanci kuna ƙirga huɗu, ku sake shi a hankali kuna ƙirga shida, sau biyar ko shida. Fitar da numfashi a hankali shi ke saukar da bugun zuciya. Sannan ku faɗi aiki ɗaya da ke gabanku a fili: "Zan ɗaure wannan ƙafar." In an gama, a faɗi na gaba. Mai zikiri ya haɗa da zikirinsa.

In hakan bai yi ba, ku ce wa abokin lura, "Riƙe mini minti biyu," ku fita ku wanke fuska ku dawo.

*Gargaɗi:* ba a koyon wannan ranar haɗari. Ku dinga yin sa kullum, bayan sallah ko kafin kwanciya, har jiki ya saba.

5. Idan rai ya yi halinsa

Kafin a cire safar hannu a ruga gado na gaba, wanda ya jagoranci aikin ya ce a tsaya. Daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, shiru, Musulmi ya yi addu'arsa a zuci, Kirista ya yi tasa. Sai ya ce, "Mun yi iya yinmu. Sannunku da ƙoƙari." Shi ke nan. Kada a mayar da shi wa'azi.

Sanar da dangi kuma aiki ne da ke da tsari, kuma rashin tsarin shi ke jawo a ci kwalar ma'aikaci. Ku je ku biyu. Ku nemi babba a cikinsu, ku shigar da shi da mutum ɗaya ko biyu inda za a zauna, ba a baranda cikin taro ba. Ku zauna kusa da ƙofa. Ku faɗi abin da aka yi a taƙaice, sannan ku faɗi maganar kai tsaye: "Baba, sai haƙuri, Allah ya yi masa rasuwa." Kada ku yi ta kewaye-kewaye da "jikin ya yi tsanani" har mutum ya ɗauka akwai sauran fata. Bayan nan ku yi shiru, ku bar su su yi kukansu.

*Gargaɗi:* kada a tura sabon ma'aikaci ko ɗalibi shi kaɗai ya kai wannan saƙo don manya sun gaji. Ya bi babba ya ga yadda ake yi tukuna.

6. Awa 24 na farko bayan babban lamari

Nan ne aka fi ɓata abu da kyakkyawar niyya, don haka ku bi jerin yadda yake.

Na farko, jiki. A wanke, a canja kaya, a sha ruwa, a ci wani abu mai ɗumi, a zauna. Na biyu, kowa ya kira gida ya ce lafiyarsa ƙalau, don labari ya riga ya bazu a rediyo da Facebook. Na uku, zaman minti goma a kan aiki kawai: me ya faru, me ya tafi daidai, me ya ƙare mana. Wannan yana cike giɓin da ke hana barci, domin direban da ya kawo yarinya yana so ya san ta rayu ko ba ta rayu ba. Ba a neman mai laifi a wannan zama. Na huɗu, a gaya wa kowa abin da zai iya ji a kwanakin da ke tafe: rashin barci, mugun mafarki, firgita da ƙarar ƙofa, rashin son abinci, hoton abin yana dawowa. A gaya musu cewa haka jikin mai lafiya yake yi bayan irin wannan, kuma a wurin yawancin mutane yana lafawa da kansa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Na biyar, wanda hannunsa ke rawa kada ya hau babur ko ya tuƙa mota, a kai shi gida.

Daga nan sai aikin abokin lura, wanda littafin 2011 ɗin nan ya taƙaita a kalma uku: duba, saurara, haɗa. Ku duba wanda ya ware kansa. Sau da yawa yana bayan gini ƙarfe uku na dare, da bokiti da tsintsiya, yana wanke jini daga cikin mota, ya wanke wuri ɗaya sau uku bai sani ba. Ku je ku kama masa aikin. Kada ku fara da tambaya.

"Malam, kawo tsintsiyar in taya ka."

"Bar shi kawai, na kusa gamawa."

"To bari in zuba maka ruwan. Daren nan ya yi nauyi."

In ya yi magana, ku saurara, kada ku katse shi, kada ku kawo naku labarin da ya fi nasa muni. In bai yi ba, ku gama wankin tare, ku kawo masa shayi. Sannan ku haɗa shi da abin da yake buƙata: abin hawa, ɗan'uwan da zai kwana da shi, musayar dutin gobe.

Akwai maganganun da ke rufe bakin mutum har abada: "Haba, namiji da kuka?" "Ai ke kin saba." "Ƙaddara ce, ka manta kawai." Imani da ƙaddara babban abin dogaro ne ga mai wannan aiki, amma bai hana hawaye ba. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma bayyana cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba a faɗin komai sai abin da Ubangiji ya yarda da shi.

*Gargaɗi na ɗaya:* kada a tara mutane a da'ira a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani da yadda ya ji, ɗaya bayan ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan irin wannan zama na sau ɗaya, domin bincike bai nuna yana hana ciwon firgici ba, wasu ma yakan ƙara musu. Mai son magana ya yi, wanda ba ya so a ƙyale shi.

*Gargaɗi na biyu:* kada a raba diyazefam da danginsa don mutane su samu barci. Ƙa'idar hukumar ta 2013 ta ce kada a ba da su saboda firgici ko rashin barci a watan farko bayan lamarin.

*Gargaɗi na uku:* kada a tura hotunan gawa da na raunuka a zauren WhatsApp na ma'aikata. Cin mutuncin mamaci ne, kuma kowane buɗe waya sabon gani ne ga wanda ke ƙoƙarin samun barci.

7. Ku raba aiki da gida

Ku zaɓi abu ɗaya da za ku dinga yi kullum a matsayin iyaka: cire kayan aiki a wurin aiki, wanka da isa gida kafin a ɗauki yaro, ko tsayawa a masallacin unguwa. Iyali ba sa buƙatar jin yadda raunin yake, amma suna buƙatar sanin cewa shirunku ba fushi da su ba ne. "Yau aiki ya yi zafi, ku ba ni awa ɗaya" ta isa.

Ku riƙe wani abu a rayuwa da ba shi da alaƙa da asibiti: majalisa, ƙwallo, islamiyya ko coci, kiwo, ɗan lambu. Tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin ranakun mako tana taimaka wa barci. Ku lura, waɗannan su mutum ke fara yankewa in ya gaji, alhali a lokacin ya fi buƙatar su.

8. Bin sawu na wata guda

A littafin rubutun nan mai kaurin bango a rubuta kwanan wata, irin lamarin, da sunayen duk waɗanda suka yi aikin. Abokin lura ya tuntuɓi nasa a rana ta uku, bayan mako ɗaya, bayan biyu, da bayan huɗu, a sa alama cewa an yi. Abin da mutum ya faɗa ba ya shiga littafi.

Abin da ake dubawa shi ne ko abin yana raguwa ko yana ƙaruwa. Wanda ya yi aikin ƙuna zai iya wucewa ta gaban mai tsire ƙaurin ya tayar masa da zuciya, ya kasa cin nama kwanaki. A makon farko wannan ba abin tsoro ba ne. In aka kai mako na biyar yana canja hanya don kada ya bi ta wurin, to magana ta canja.

*Gargaɗi:* dogon hutu a ɗaki shi kaɗai ba kullum yake zama alheri ba. Kwana ɗaya ko biyu na hutu, sannan a dawo kan aiki mai sauƙi cikin abokai, ya fi a ce "je ka sai ka warke." Gudun wurin da abin ya faru yakan ƙara wa tsoro ƙarfi.

Akwai kuma gajiyar da ba lamari ɗaya ke kawo ta ba, taruwa take yi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta da alama uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya fara jin haushin masu zuwa, sannan ingancin aikinsa ya ragu. Nas ɗin da a da take rarrashin masu jinya, yanzu tana daka musu tsawa, kafin a ce halinta ya lalace a duba rostarta ta wata uku. Duk wata uku kuma kowa ya cike PHQ-9 shi kaɗai. Tana tambaya ne kan mako biyun da suka wuce. Maki 10 ko fiye na nufin a je a ga likita, ba wai an tabbatar da ciwo ba.

9. Lokacin zuwa wurin ƙwararre

A je idan alamomin sun wuce wata ɗaya, ko sun hana aiki da zaman gida, ko an fara dogara da ƙwaya. A je ranar, ba gobe ba, idan mutum yana maganar gara ya mutu, ko ya amsa tambaya ta tara a takardar PHQ-9 da wani abu ban da "babu", ko yana jin muryoyi, ko ya yi kwanaki bai rintsa ba sam.

In kuna zargi, ku tambaya kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a karɓe makullin magani, a kawar da fiya-fiya da makami daga inda yake, a raka shi asibiti.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, ga kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Kano, Shika, Sakkwato, Maiduguri da Jos. Ma'aikacin lafiya yakan ƙi zuwa inda aka san shi, kuma yana da hujja. A shirya masa ganin likita a wani asibitin daban. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi sirri da kariya daga wariya ga mai neman irin wannan magani.

Ta fuskar kuɗi, ku lissafa kati, ganin likita, magani na wata-wata da kuɗin mota. Mai inshorar lafiya ta tarayya ko ta jiha ya tambayi abin da take ɗauka kafin ya biya daga aljihu. Maganin ciwon firgici mafi inganci zama ne da ƙwararre mako-mako, ana bin abin daki-daki. In an ba da ƙwayar maganin damuwa, takan ɗauki makonni kafin a ji aikinta.

*Gargaɗi:* kada a yanke maganin rana ɗaya don an ji sauƙi, sai da shawarar likita. Addu'a da ruƙiyya a haɗa su da magani, kada a ajiye ɗaya saboda ɗaya.

10. Rabon shugaban sashe

Duk abin da ke sama zai rushe in rosta ta ƙi. A jera duti yana tafiya gaba: safe, yamma, dare, sannan hutu, domin jiki ya fi karɓar haka. A bar tazara tsakanin tashi da komawa. Dokar aiki ta Tarayyar Turai awa 11 ta tanada, kuma ma'auni ne mai kyau ko da ba kullum za a cim masa ba. A guji jera dare da yawa a kan mutum ɗaya. A fitar da rosta da wuri don mutane su tsara rayuwarsu, a kuma shirya ƙarin hannu tun kafin tafiye-tafiyen Sallah da na ƙarshen shekara. Hutun shekara a tabbatar an tafi, ba a takarda kawai ba. Wanda ya yi kuskure a kira shi ofis, kada a tsige shi gaban masu jinya, in ba haka ba kuskure na gaba ɓoye shi za a yi. Shi ma shugaban ya nemi abokin lura, daga cikin shugabannin wani sashen.

Na san amsar da za a ba ni: ma'aikata ba su isa ba, wasu sun tafi Saudiyya da Ingila, ba a ɗauki sababbi ba. Gaskiya ne, kuma numfashi a hankali ba ya maye gurbin nas biyu da babu. Abin da ke hannun shugaba shi ne ya kai kuka sama da hujja. Ya ɗauki wata uku yana rubuta marasa lafiya nawa aka karɓa a kowane dare da ma'aikata nawa, sau nawa oksijin ya yanke, mutum nawa suka yi rashin lafiya, sau nawa aka kai wa ma'aikaci hannu. Ya rubuta takarda shafi ɗaya, ya nemi abu ɗaya tak a cikinta, ɗakin hutu ne ko mai gadi na dare, ya ba reshen ƙungiyar ma'aikata kwafi. In an biya wannan, sai ya rubuta ta gaba.